Injin Hagu na Jirgin Yaya

Mijina ba ya zama. Ba ɓata shi nake yi ba, duk layinmu an sani, shi ya sa tun yana saurayi abokan aikinsa suka laƙaba masa Ba-Zama, sunan kuma ya bi shi har ya yi jikoki. Shayi a tsaye yake shan sa. In baƙo ya zo, baƙon ne zai zauna, shi kuwa yana kewaya falo, ya ja labule, ya leƙa bayan kujera, ya sauko da agogon bango ya kara a kunne ko ya tsaya. Shekara talatin da takwas ina ce masa, "Malam, don girman Allah ka zauna, kana sa ni jiri." Amsarsa ɗaya ce, wai zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Na ce to kifin ma ai a tukunya yake ƙarewa, duk da yawon nasa.

Fentin mota ne sana'arsa. Garejinsu na bayan layin masu walda, doguwar rumfar kwano ce, ƙasanta ya sha fenti kala-kala har ba ka gane asalin simintin. Can ya shiga yana ɗan shekara sha shida, can ya yi furfura. Abin da ya fi kowa da shi ido ne. A kawo motar da aka buge wa ƙofa, ya tsaya ya dube ta a rana, ya dube ta a inuwa, ya shiga ciki ya haɗa kala a gwangwanin madara. In ya fesa, mai motar da kansa ba zai iya nuna maka ƙofar da aka gyara ba. Ni kuwa ba sai na tambaye shi aikin da ya yi ranar ba. Hankicinsa nake dubawa wajen wanki: in ya fyace shuɗi, to shuɗiyar mota ce, in ja, ja. Muna ta dariya a kan abin, mu sakarkaru, ba mu san huhunsa ne yake shan kalar ba. Abin rufe hancin kuwa yana can rataye a ƙusa, wai yana hana shi numfashi.

Shekara huɗu da suka wuce tari ya kama shi ya ƙi saki. Likitar, wata yarinya da ba ta kai 'yarmu ta biyu ba, ta ɗaga hoton ƙirjinsa a fitila ta ce, "Baba, daga yau kai da bindigar feshi sai hange daga nesa." Ya ce to. Ya bar wa abokin aikinsa kwamfuresa, injin iskar feshi, da bindigogin, ya dawo gida ya same ni.

Wayyo ni! Wata biyun farko ban taɓa ganin irinsu ba. Ya yi wa ƙofar gida fenti da burushi sau uku. Ya yi wa ƙafafun keken ɗinkina. Na fita kasuwa na dawo na tarar da firjina ya koma ruwan toka, wai farin ya yi masa haske da yawa. Na kira babbar 'yarmu a waya na ce, "Ki zo ki ɗauki ubanki, ko ki zo ki ɗauke ni, ɗaya dai."

Ba ta zo ba, sai ta aiko da kwali. A ciki akwai ɓangarorin jirgin sama na roba, ƙanana-ƙanana, manne a jikin wasu sanduna, da gam, da burusai sirara, da 'yan kwalaben fenti irin wanda ake sirkawa da ruwa, marar wari. Na ce wannan yarinya ta raina mu, kayan wasan yara ta aiko wa dattijo. Ya share rabin teburin da nake yanka atamfa a kai, ya baje takardar da ke nuna yadda ake haɗawa, ya sunkuya. A tsaye dai, kada ku ce wani abu ya canja. Amma aƙalla a wuri ɗaya yake tsayuwar.

Jirginsa na farko ya fito yana ƙyalli tamkar motar da ta fito daga garejinsu. Ya ɗora shi a kan talabijin, ya ja baya, ya matso, ya ja baya. Ya ce, "Wannan bai taɓa tashi ba." Na ce da ma ina zai tashi, roba ce fa. Ya ce ban gane ba. Da 'yar tamu ta zo hutu ta nuna masa a waya yadda masu wannan harka suke tsofar da jirgi da gangan, su sa masa hayaƙi da tsatsa da goguwar fenti, sai ya yi ta dariya har tarin ya taso. Ya ce shi da ya ƙare rayuwarsa yana mai da tsoho sabo, yanzu kuma sabo zai mayar tsoho.

Daga nan kayana suka shiga uku. Gishirina ya fara ƙarewa ban san dalili ba, ashe jiƙa fiffike yake yi ya barbaɗa, ya shafa fenti a kai, in ya bushe ya kankare gishirin, sai wurin ya fito kamar fentin da ya ɓamɓare. Soson wanke-wankena ya tsattsage shi guntu-guntu. Allin da nake zana ɗinki ya kankare shi ya zama gari. Burushin hodata, wanda ƙanwata ta kawo min tsaraba, na same shi baƙi ƙirin, wai da shi ake shafa hayaƙin salansa. Na yi faɗa har na gaji. Amma gaskiya ɗaya ce, in ya gama jirgi ka dube shi, sai ka rantse ya sha rana da ruwan sama shekara ashirin. Idon nan nasa bai tafi tare da huhun ba.

To, duk wannan shimfiɗa ce. Maganar da nake so in ba ku ta Yaya ce, wan mijina, uwa ɗaya uba ɗaya, su biyu rak mahaifiyarsu ta haifa.

Yaya makanikin jirgin sama ne, na gaske. Ya yi shekara sha bakwai yana kula da wani tsohon jirgi mai farfela biyu, na wani ƙaramin kamfani da ke kai wasiƙu da magunguna garuruwan da hanyarsu ba ta da kyau. Yana ji da jirgin nan fiye da yadda wasu ke ji da 'ya'yansu. Lokacin muna sabon aure, ranar da babu aiki a gareji mijina can yake tafiya, ya wuni yana miƙa wa Yaya sifana. Shi ne ma ya taɓa sabunta musu shuɗin layin da ke jikin jirgin. In suka dawo tare, tun daga bakin layi ake jin muryarsu suna gardama, kan ƙwallo, kan siyasa, kan wa ya fi wani tsawo.

Wata safiya injin hagu ya zubar da mai a sama. Matuƙin ya kashe shi, ya sauko da jirgin a wata gona da inji ɗaya. Ba wanda ya mutu, amma matuƙin ya ji ciwo a baya, bai ƙara tuƙi ba. Kwamitin bincike ya ce notin bututun mai ne ba a ɗaure ba. Yaya ya ce ya ɗaure, bututun ne mai aibi, kamfani ke neman wanda zai ɗora wa. Aka sallame shi.

Dangi suka taru a ɗakin surukata ana jajanta masa, kowa na tsine wa kamfanin. Mijina kuwa, kun san hali, yana can jikin taga yana fama da sakatar da ta ƙi shiga. Ko juyowa bai yi ba, ya ce, "To ai Yaya, mutum tara yake bai cika goma ba. Ƙila ka manta ne."

Yaya ya tashi ya sa takalminsa ya fita.

Magana zarar bunu ce. Shekara ashirin da ɗaya ke nan. Ba wai gaba suke yi ba, da gabar ce ma da an san inda za a kama a yi sulhu. Suna gaisawa. "Lafiya?" "Lafiya." Shi ke nan. Yaya ya zo auren 'ya'yanmu duka, ya zauna, ya tafi. Ranar da surukata ta rasu sun tsaya kafaɗa da kafaɗa suna karɓar gaisuwa, ba wanda ya dubi ɗan'uwansa. Sau biyu mijina ya je ba shi haƙuri, sau biyu Yaya ya ce masa, "Ba komai," irin ba komai ɗin nan da ke rufe ƙofa. Mijina ba ya zancen, amma na san yana cin sa. Duk ranar da suka haɗu a wani taro, in muka dawo gida sai ya kwance wani abu mai lafiya ya sake ɗaurawa.

Sai ga labari a watan jiya: 'yar Yaya za ta zo ta ɗauke shi ya koma wurinta. Matarsa ta rasu, ƙafafunsa sun ƙi, ba mai kula da shi. Garin da take kuwa tafiyar kwana biyu ce a mota, kuma likita ta hana mijina doguwar tafiya. Ba wanda ya faɗa, amma kowa ya san in Yaya ya shiga motar nan, da wuya su sake ganin juna. Saura sati uku.

Ranar da muka ji, mijina ya zazzage akwatin takardunmu a tsakar ɗaki har ya samo wani tsohon hoto: Yaya a tsaye ƙarƙashin fiffike, da sifana a hannu, yana dariya. Ya kira 'yarmu ya ce ta nemo masa jirgi mai farfela biyu irin wannan, ko mai kama da shi, ta aiko a motar gobe. Na ce, "Malam, mutumin da baki bai gyara ba, roba ce za ta gyara?" Ya ce shi bakinsa ne ya ɓata, kuma bai yarda da shi ba kuma. Hannunsa kawai ya yarda da shi.

Kwalin ya iso bayan kwana huɗu. Ban taɓa ganin ya yi aiki irin wannan ba. Hancin jirgin bai yi daidai da na hoton ba, ya yanke ya cike da foti, ƙullin da suke toshe lotsawar mota da shi, ya goge da samfefa har ya yi. Ya yi masa fari a sama, ruwan azurfa a ciki, ya ja shuɗin layin nan da salatif, ya haɗa kalar sau shida kafin ta yi masa. Teburina gaba ɗaya ya cinye, na koma yanka ɗinkin mutane a kan gado. Abinci sai na bi shi da kwano. In na yi magana ya ce, "Kada ki girgiza teburin." Ni da teburina!

Da ya zo kan tsofarwa, hoton bai ishe shi ba, sai ya koma ga abin da ya tuna. Ya goge fentin gindin fiffike da bakin fensir, inda takalmin Yaya ke taka wa kullum in zai hau. Ya sa hayaƙi a bayan salansa, mai kauri a kusa, yana sirancewa har ya ɓace. Ya sa dattin hannu a gefen murfin tankin mai. Ya ɗiɗɗiga ɓamɓarewar fenti a bakin farfela da guntun soso. Yana yi yana magana shi kaɗai, yana zagaya teburin, ya duƙa ya hango ta ƙasa, ya hau kujera ya hango ta sama.

Tsohon inji kuma, in ji shi, ba ya rasa ɗan tsiyayar baƙin mai, ko lafiyarsa ƙalau. Ya ja wa injin dama siririn layi ruwan ƙasa-ƙasa, ya bi shi da busasshen burushi ya ja shi baya, yadda iska ke yi. Ya yi kyau, har ni na yaba. Sannan ya juya jirgin ya yi wa na hagu irinsa.

Ina shigowa da kwanon abinci na gani. Na ce, "Malam, kanka ɗaya kuwa? Za ka ɗauki jirgi da mai yana zuba a injin hagu ka kai wa Yaya? Ai gara ka je ka maimaita masa maganar taga."

Ya tsaya da burushi a sama. Wallahi bai yi tunanin haka ba, shi aikinsa kawai yake yi. Ya ɗauki auduga ya jiƙa ya goge.

Washegari na same shi yana kallon wurin yana tsaki. Wai jirgin ya karkace, gefe ɗaya tsoho, gefe ɗaya ba a san me ba. Ya sake sawa, siriri ƙwarai, wai ba za a lura ba. Na ce Yaya makaniki ne fa, shi da ke gane ɗigon mai a duhun rumfa. Ya goge. Bayan la'asar ya sake sawa. Ya goge. Na ce to a goge na daman ma mana, a huta. Ya ce in ya goge na dama sai ya goge hayaƙin, in ya goge hayaƙin sai ya goge sawun takalmin, daga nan ya zama jirgin kowa, ba na Yaya ba. "Yaya bai taɓa riƙe sabon jirgi ba," in ji shi. "In na kai masa mai ƙyalli, ƙarya na kai masa." Na ce ƙaryar da za ta gyara zumunci ai ta fi gaskiyar da ta raba ku. Ya dube ni, ya fita ya zagaya gidan sau biyu, ya dawo.

Sau biyar ana wannan sa-ka-goge. A na biyar, garin gyaran gira aka kusa rasa ido: farin fentin ya gaji da guga, ya ɗaye har robar ta fito. Saura kwana biyu. Ya rufe sauran jirgin da takarda, ya sake yi wa murfin injin hagu fari, shafi uku. Ya bushe fes, ko ɗigo babu. Ya ɗauki burushin baƙin mai, na ce, "Ka taɓa wurin nan, ni da kai ne." Ya ajiye. Don haka abin da ya biyo baya, kada a ɗora masa shi kaɗai, da hannuna a ciki dumu-dumu.

Ranar tafiyar muka fita da hantsi. Na riƙe kwalin a cinya a cikin tasi, shi kuma yana ta faɗa da direba kan ramuka. Ya cusa gam da burushi da 'yan kwalabe biyu a aljihu, ko wani abu zai karye a hanya. Sau uku yana buɗe kwalin yana leƙawa kafin mu isa.

Mun tarar an kusa gama lodi. Katifa a saman mota, 'yar Yaya tana ta kai da kawo da jakunkuna, tana ce wa direbansu a yi sauri kada rana ta yi. Ɗakin Yaya ya zama wayam, sai inda hotuna suka bar alama a bango. Shi kuma yana zaune a kujerar roba a tsakiya, sandarsa a jingine, ya rame ƙwarai.

"Lafiya?" in ji Yaya.

"Lafiya," in ji mijina. Sai ya karɓi kwalin daga hannuna ya ɗora masa a cinya.

Yaya ya buɗe. Ya daɗe bai taɓa ba. Sannan ya sa hannu biyu ya ɗago jirgin ta ƙarƙashin fukafukai, a hankali. Ya nemi tabaransa a aljihu ya sa. Na ga leɓensa yana motsi.

"Nan nake takawa," ya ce, ya ɗora yatsa a gindin fiffiken. "Kullum ana yi min faɗa a kai." Ya bi hayaƙin salansa da ido. "Haka yake, har wannan lanƙwasar." Ya ga dattin hannu a murfin tanki, sai ya yi 'yar dariya ta hanci. Rabon da in ji Yaya ya yi dariya a gaban mijina, na manta. Na ce a raina, alhamdu lillahi, an gama.

Sai ya juya jirgin.

Ni kaina a lokacin na gani. A gida, a kan tebur, na saba da shi har ban lura ba. Amma a hannun Yaya, cikin hasken ƙofa, jirgin duk ya tsufa ya dafe, injin hagu kaɗai fari tas kamar sabon haƙori a bakin tsoho. Da mun sa masa ɗigon man, da wataƙila ido ya wuce. Yanzu kuwa ba inda ido ke zuwa sai nan.

Dariyar ta ɗauke. Yaya ya ce, "Wannan fa? Sabon inji aka sa masa?"

Mijina ya fara kame-kame, wai fentin ne ya ɗaye, wai lokaci ne ya ƙure.

"Tausayina ka ji," in ji Yaya. "Ka ɗauke ni yaro."

Na ce, "Yaya, wallahi laifina ne, ni na hana shi." Ko kallona bai yi ba. Na ce shi ke nan, mun zo gyara mun ƙarasa ɓatawa, ga mota a waje tana jira. Mijina ya miƙa hannu zai karɓi jirgin.

Yaya bai saki ba. Ya ce, "Ka zo da burushi?"

Mijina ya laluba aljihu ya fito da shi. Ya buɗe kwalbar ruwan ƙasa, ya ɗiga ta baƙi a murfin, ya gauraya. Yaya ya duba ya ce a ƙara baƙi. Aka ƙara. Ya karɓi burushin, amma yatsunsa sun ƙi tsayawa, bakin burushin sai rawa yake a iska. Mijina ya durƙusa a gefen kujerar ya riƙe masa wuyan hannu, ya kai shi saman murfin injin hagu, daidai irin wurin da ya sa wa na dama.

"Ba nan ba," in ji Yaya. "Ƙasa. Nan, inda bututun ya shiga."

Suka ja tare. Ba siririn layi Yaya ya ja ba. Ya danna burushin ya ja shi baya, mai faɗi, ya wuce murfin injin, ya bi ƙarƙashin fiffiken, ya ce a ƙara fenti, ya ci gaba har kusa da jela. Ya ɓata farin, ya ɓata shuɗin layin da aka haɗa sau shida.

"Haka na same shi a gonar," in ji Yaya. Idonsa na kan jirgin. "Na sa notin da hannu, na ɗauko sifana zan ɗaure, aka ce ana kirana a waya a ofis. Minti biyar. Na dawo na ga murfin a buɗe, na rufe. Tun ina cikin motar zuwa gonar na tuna."

'Yarsa ta zo bakin ƙofa da jaka, ta ga fuskokinmu, ta tsaya.

Yaya ya ci gaba, "Kowa ya ce an zalunce ni. Inna ta rasu tana yi wa mutanen nan Allah ya isa a kaina. Kai kaɗai ka faɗa, ko juyowa ba ka yi ba. Na ce yaron nan ya sani, ya gani a fuskata. Ba fushi nake da kai ba. Idonka ne ba na iya kallo."

Da ƙyar mijina ya ce, "Yaya, wallahi ban sani ba. Ban san komai ba. Bakina ne kawai, ina fama da sakata."

Yaya ya cire tabaran ya dube shi, sosai, ido cikin ido. "Ba ka sani ba?"

"Ko kaɗan."

Sai Yaya ya fara dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu daban, ya kama kan ƙaninsa ya jawo shi jikin kafaɗarsa, tsofaffi biyu da furfura, jirgin roba a tsakaninsu. Ni kam na fashe da kuka, ba kunya. Daɗi na ji, amma baƙin cikin ya fi yawa. Shekara ashirin da ɗaya, jama'a! Ɗaya yana jin kunyar abin da ya zaci an sani, ɗaya yana neman gafarar abin da bai san ya taɓa ba, ga shi sai ranar rabuwa.

Direba ya danna ham a waje. 'Yar Yaya ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Baba, rana tana yi. Kawo in sa shi a kwali."

Yaya ya janye jirgin daga hannunta. Ya dubi mijina ya ce, "Fentin nan zai kai yaushe kafin ya bushe?"

Ni da nake goge teburin kullum na sani, fentin ruwa ne, minti goma ya ishe shi. Tun suna magana ma ya daina ƙyalli. Yaya kuma ya yi shekara sha bakwai cikin fenti da mai, ba yaro ba ne.

Mijina ya duƙa ya dubi layin ta gefe, ya hura masa iska a hankali, ya girgiza kai.

"Kai, wannan da kauri. Awa uku, in ba a so ya ɓaci."

"Kin ji," Yaya ya ce wa 'yarsa. "Je ki ce ya kashe motar."